Kokawar da Ido Bai Gani Ba: Ɓacewar Hotunan Gasar Kambu da Sake Bayyanarsu

1.0 Gabatarwa

A hutun zangon karatun da ya wuce na koma gida Rafin Guza, wata unguwa da ke arewacin birnin Kaduna daura da Kawo, inda ake noman lambu a gefen kogi. A layinmu akwai wani dattijo, mutumin ƙasar Kabi, wanda noman rani ya kawo shi Kaduna tun yana saurayi, ya kuwa sami wuri ya zauna. Duk unguwa Baba ake ce masa. An daɗe ana faɗin cewa a zamanin ƙuruciyarsa gwanin kokawa ne, har ya taɓa cin wata gasa da aka sanya bijimi a kanta. Ran nan da la'asar samari suna kallon kokawar Turawa a wayar hannu a teburin mai shayi, sai ɗayansu ya ce cikin raha, "Baba, kai ina hoton taka kokawar?" Dattijon bai tanka ba. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da wani kaset ɗin bidiyo naɗe cikin tsumma, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, ku ne 'yan boko. An ɗauka, aka ce za a nuna a talabijin, ba a nuna ba. Shekara da shekaru yana cikin adaka. In da abin da ya rage a ciki, ka fito mini da shi."

Wannan kaset shi ne musabbabin wannan maƙala. Abin da za mu yi a cikinta shi ne mu duba yadda akan ɗauki hoton wasan kokawa na neman kambu amma jama'a ba su sami ganinsa ba, da hanyoyin da irin wannan hoto yakan bi ya ɓace, da kuma yadda wani lokaci yakan sake bayyana bayan an yanke ƙauna. Za mu kawo misalai daga Amurka, inda aka fi bin diddigin wannan al'amari, sa'an nan mu dawo gida mu ga darasin da ke ciki ga ɗalibin Hausa.

2.0 Kambu da Mai Shaidarsa

Kalmar kambu a asalin Hausa laya ce da ake ɗaurawa a damtse, irin wadda 'yan kokawa da 'yan dambe da 'yan tauri suka saba da ita. Daga baya ne 'yan jarida suka ari kalmar suka ba ta ma'anar matsayin gwanin gwanaye a wasa, watau wanda ya kayar da kowa a rukuninsa. To, tambayar da ya kamata mu fara yi ita ce, idan mutum ya ci kambu, wane ne shaidarsa?

A kokawar gargajiya ta ƙasar Hausa, wadda akan yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, babu marubuci, babu littafin rajista. Samarin wannan gari sukan tashi da makaɗansu su tafi wancan gari, a kafa da'ira a dandali, a buga. Wanda bayansa ya taɓa ƙasa an kayar da shi, kuma idon jama'a ne alƙali. Daga nan sai makaɗa da maroƙa su ɗauki labarin su shiga duniya da shi, cikin take da kirari da waƙa. Haka abin yake a dambe, ɗan'uwan kokawa. Yawancin masu ambaton Shago a yau ba su taɓa ganin hannunsa a ɗaure ba. Ta bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace suka san shi.

A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan wasa an ba shi tsari na hukuma. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, aka sanya takobi ya zama alamar sarautar kokawa. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar wannan takobi, filin kokawa na Maraɗi kuma sunansa yake amsawa, kamar yadda na Dosso yake amsa sunan Salma Ɗan Rani. A tsarin da gasar ta zauna a kai, jihohi 8 kowace takan kawo 'yan kokawa 10, a yi ta zubar da juna har a sami guda. Wannan ita ce gasar kambu mafi girma a tsakanin masu jin Hausa, ga kuɗi ga kyaututtuka, har ta zama sana'a ga masu yin ta.

Kokawar Turawa, wadda yara suke kira resilin, ita kuma wani abu ne dabam. Kamfani ne yake mallakar 'yan wasa da ɗamarar kambu baki ɗaya, kuma kafin a hau dandamali an riga an tsara wanda zai yi kaye. Wasan kwaikwayo ne da ake yi da jiki, ko da yake faɗuwar da raunin na gaske ne. Tun da kamfani ne mai tsara labarin, shi ne kuma mai na'urar ɗaukar hoto, sai ya zamana shaidar kambu ta koma hannunsa. Abin da ya nuna a talabijin shi ne ya faru. Abin da ya ɓoye kuwa, kamar ba a yi ba.

3.0 Kambun da Aka Ci Aka Hana

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar abin da ya auku a garin Fort Wayne na jihar Indiana a Amurka, ran 30 ga Oktoba, 1990. A wannan dare kamfanin WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya shirya kokawar bibbiyu don neman kambu. Masu riƙe da shi su ne Bret Hart da Jim Neidhart, masu nema kuwa Shawn Michaels da Marty Jannetty, waɗanda ake wa laƙabi da The Rockers. Sharaɗin wasan shi ne ɓangaren da ya fara yin kaye biyu cikin uku shi ya ci. An girke na'urori ana ɗauka, da nufin a nuna wasan daga baya a talabijin.

Ana tsakiyar wasa sai igiyar sama ta dandamalin ta tsinke. Mai karatu ya sani cewa dandamalin resilin igiyoyi uku ne suke kewaye da shi, kuma da su 'yan wasa suke dogara wajen tsalle da majaujawa. Da igiya ta tsinke sai wasan ya dagule, aka lallaɓa aka ƙarasa. Michaels da Jannetty suka yi nasara kamar yadda aka tsara, aka ɗaga hannuwansu, aka miƙa musu ɗamara a gaban dubban 'yan kallo.

Amma kamfanin bai nuna wasan ba. Ya mayar wa Hart da Neidhart ɗamararsu, kuma a jerin sunayen waɗanda suka taɓa riƙe wannan kambu bai sa The Rockers ba. Waɗanda suka halarci zauren sun gani da idonsu, jaridun masu sha'awar wasan sun rubuta, amma sauran jama'a ba su da abin riƙewa sai ji-ta-ji-ta. Sai a shekarar 2007, watau bayan shekara 17, kamfanin ya fito da hoton a cikin wani faifai na tarihin Shawn Michaels. Nan fa kowa ya ga igiyar da ta tsinke, ya ga kayen, ya ga miƙa ɗamara. Gani ya kori ji.

Don mu ƙara fahimta, mu kwatanta shi da wani wasan. Ran 12 ga Oktoba, 1992, a garin Saskatoon na Kanada, Bret Hart ya kayar da Ric Flair ya karɓi babban kambun kamfanin. Shi ma wannan ba a nuna shi a shirin talabijin ba, a kaset ɗin sayarwa aka fito da shi. Amma da yake kamfanin yana son wannan canji, nan take ya yi shelarsa, ya kuma shigar da shi tarihi. Wasanni biyu ke nan, duka an yi, duka an ɗauka, ɗaya ya shiga littafi, ɗaya aka share. Abin da ya raba su shi ne ra'ayin mai riƙe da kaset.

4.0 Zuwan Na'urar Ɗaukar Hoto Arewa

Kafin talabijin, majigi ne ya fara kawo wa talakawan Arewa hoto mai motsi. Motar hukuma takan shiga gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fina-finan wayar da kai irin su Baban Larai. Talabijin kuwa ya fara a Nijeriya ne a Ibadan cikin Oktoba 1959. A watan Maris 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA.

Ta wannan akwati ne kokawa iri biyu suka haɗu a ɗakin Bahaushe. A gefe guda, gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato sun riƙa nuna dambe da kokawar gargajiya. A ɗaya gefen, sun riƙa nuna kokawar Turawa da aka sayo daga waje, har sunayen Mighty Igor da Mil Mascaras suka zauna a bakin yaran shekarun 1970 da 1980. Nijeriya ma ta fitar da nata gwanin a wannan fage, watau Michael Okpala wanda aka fi sani da Power Mike, wanda ya riƙe kambun Afirka a shekarun 1970, ya rasu a 2004. A Nijar kuwa talabijin na ƙasa bai kankama ba sai ƙarshen shekarun 1970, saboda haka gasannin takobi na farko a rediyo akasarin mutane suka bi su.

Wani babban sauyi ya zo da kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Kafin ƙarshen shekarun 1980 na'urar ɗaukar bidiyo ta shiga hannun 'yan kasuwa a biranen Arewa, aka sami masu sana'ar ɗaukar biki da suna da naɗin sarauta. Da irin wannan na'ura aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake lasaftawa a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa. Masu shirya kokawa da dambe su ma sukan yi hayar mai bidiyo. Kaset ɗin Baba na Rafin Guza daga wannan zamani ya fito. Abin lura a nan shi ne, tun daga lokacin hotunan wasanninmu suka kasu gida biyu: akwai na gidajen talabijin, akwai kuma na hannun mutane, waɗanda galibinsu kwafi ɗaya tak aka yi.

5.0 Hanyoyin da Hoto Yakan Bi Ya Ɓace

Idan aka ce hoton wasa ya ɓace, mutane sukan ɗauka gobara ce ko sata. Waɗannan suna aukuwa, amma akwai hanyoyi huɗu da suka fi su yawa.

5.1 Gogewa da gangan

Kaset ɗin talabijin na farko, wanda kamfanin Ampex na Amurka ya fito da shi a 1956, faɗin zarensa inci 2 ne, yana da nauyi, yana da tsada ainun. Amfaninsa ga mai gidan talabijin shi ne ana iya goge abin da ke kai a ɗora sabo. Saboda haka a duniya baki ɗaya al'adar da aka bi ita ce a nuna shiri, a goge, a sake ɗauka. Gidan BBC da kansa ya goge ɗimbin shirye-shiryensa a shekarun 1960 da 1970 ta wannan hanya. Wasan motsa jiki kuwa shi ya fi saurin shiga wannan hali, domin ana ganin da zarar an san wanda ya ci, magana ta ƙare.

5.2 Ɓoyewa

Wannan ita ce hanyar da muka gani a Fort Wayne. Hoton yana nan lafiya lau, amma mai shi ba ya son a gani, ko don wasan bai yi kyau ba, ko don sakamakon ya saɓa wa abin da yake so a yarda da shi. A wurinmu ma dalilan ɓoyewa ba su da wuyar ganewa: gardama a kan kaye, ko rikicin da ya tashi a fili, ko rashin biyan mai ɗauka kuɗinsa har ya riƙe kaset ɗin.

5.3 Lalacewa

Kaset zare ne na roba wanda aka shafe da garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka riƙe garin da wani irin danƙo. Idan laima ta shige shi, danƙon yakan saki, zaren ya manne da juna, garin ya riƙa zuba, hoton kuwa a cikin garin yake. Fumfuna ma takan kama shi ta yi masa fari-fari. Shi kuma zaren fim na majigi, idan zafi da laima suka haɗu a kansa, yakan fara wani wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, daga nan ba a iya tsayar da ciwon. Ƙasarmu kuwa ta haɗa zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu, ga gara. Ga mazauna bakin kogi irin mutanen Rafin Guza akwai ƙarin haɗari, domin a wasu shekarun kogin Kaduna yakan cika ya shiga gidaje, adakar da ke ƙarƙashin gado kuwa ita ruwa yake fara tararwa.

5.4 Mutuwar na'ura

Ko da kaset ya tsira daga duk waɗannan, sai da na'urar da za ta karanta shi. Kowane zamani da irin nasa kaset: mai inci 2, da U-matic wanda Sony ya fito da shi a 1971, da Betacam, da VHS, kuma na'urar wannan ba ta karanta wancan. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Na'urorin da suka rage tsofaffi ne, masu gyaransu ma tsufa suke yi. Kaset ɗin da babu na'urarsa daidai yake da wasiƙar da babu mai iya karanta rubutunta.

6.0 Hanyoyin Sake Bayyana

Duk da haka, ba duk abin da aka ce ya ɓace ne ya halaka ba. Sau da yawa yana nan ajiye, wanda ya san darajarsa ne bai kai gare shi ba. Ga misalai huɗu, biyu daga kokawar Turawa, biyu daga ƙasarmu.

Na farko, ran 23 ga Oktoba, 1983, Tommy Rich da Buzz Sawyer suka kara a cikin wani keji rufaffe a birnin Atlanta, don kawo ƙarshen doguwar gabar da aka tsara a tsakaninsu. Shekaru da dama masu sha'awa sun ɗauka babu hoton wannan wasa, sai 'yan hotuna marasa motsi na mujallu. A 2016 kamfanin WWE ya gano shi a cikin tarin tsofaffin kaset-kaset na wasu kamfanoni da ya saye, ya nuna wa duniya. Shekara 33 ke nan, kuma a cikin ma'ajiya yake duk tsawon lokacin da aka yi ana cigiya.

Na biyu, wasan da Bret Hart ya yi da wani sabon ɗan wasa, Tom Magee, a garin Rochester ran 7 ga Oktoba, 1986. An ɗauka, ba a nuna ba, labarinsa ya yi ta yawo har ya zama kamar almara. A 2019 sai ga shi ya fito daga hannun wata mata, a cikin kaset-kaset ɗin wasannin Bret Hart da aka taɓa ba ta don ta juya. Wannan a gidan mutum aka same shi.

Na uku ya faru ne a Jos. Daga cikin shirye-shiryen da BBC ta goge akwai kashi-kashi na wasan kwaikwayon nan Doctor Who. Amma tun a wancan zamani takan juya shirye-shiryenta a zaren fim ta sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje. Wani Bature mai bin sawun irin waɗannan fina-finai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a Jos, a ciki har da kashi 9 na 1967 da 1968 waɗanda aka ɗauka sun shuɗe. Aka ba da sanarwa a Oktoba 2013. Abin da ya gagari Landan riƙewa, Jos ta riƙe shi fiye da shekara 30.

Na huɗu shi ya fi kusa da mu ɗaliban Hausa. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. An daɗe ana ɗaukar fim ɗin ya ɓace, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Idan muka tattara waɗannan misalai za mu ga abu biyu. Na ɗaya, wuraren da ake samun ɓataccen hoto ba su wuce uku ba: ma'ajiyar da ba a lissafa kayanta ba, da tashar da aka aika wa kwafi, da gidan wani mutum. Na biyu, kusan ko da yaushe sai an sami wanda ya tashi takanas ya nema, ko kuwa jama'ar da suka daɗe suna cigiya har maganar ta kai kunnen mai riƙe da kaset. Kokawar Turawa ta yi dacen masoya masu rubuta rana da gari da sunan kowane wasa, shi ya sa suka san abin da suka rasa.

7.0 Abin da Hoto Yake Riƙewa

Mai karatu yana iya cewa, tun da waƙa ta riƙe mana sunayen gwanayenmu, mene ne na damuwa da ruɓaɓɓen kaset? Amsar ita ce kowanne da aikinsa. Makaɗi ɗan ɓangare ne, aikinsa ya wasa nasa, ya kushe abokin karawarsa, kuma ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Yakan gaya mana cewa gwaninsa ya yi kaye, amma ba zai nuna mana yadda ya sa ƙafa ba. Hoto kuwa yana riƙe tsayuwa da kamu da taɗiya da harɗiya, yana riƙe warki da layu da yadda ake ɗaura su, da tsarin da'ira, da wurin zaman manya, da irin gangar da aka kaɗa, da yadda ɗan kokawa yake amsa takensa da jiki. Duk waɗannan abin nazari ne ga mai binciken al'ada da adabin baka.

Na tabbatar da haka da kaina. Bayan yawon nema, na sami wani tsohon mai gyaran rediyo da ke da na'urar VHS mai aiki. Ya buɗe kaset ɗin Baba, ya share fumfunar a hankali, ya yanke farkon zaren da ya riga ya manne. A wannan yankin da aka yanke ne shigowar 'yan wasa da kirarinsu suke, sun tafi ke nan. Abin da ya rage 'yan mintoci ne, hoton yana rawa, launinsa ya koɗe. Muka juya shi a kwamfuta na kai wa Baba. Da ya gani bai fara da maganar kayen ba. Sai ya riƙa nuna mutane da yatsa yana kiran sunayensu da garuruwansu, yana cewa wane ya rasu, wane ma ya rasu. Da aka zo kamun kuwa, kowane motsi sai ya faɗi sunansa da Kabanci, waɗansu kalmomin ban taɓa jin su a aji ba. Na cika shafi uku na littafina a wannan zama. Ba don hoton ba da waɗannan kalmomi ba su fito daga bakinsa ba, ba don shi ba kuma da hoton bai wuce wasu mutane biyu suna turereniya cikin ƙura ba.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa kambu yana bukatar shaida, kuma tun da na'ura ta shigo, wani kaso na wannan shaida ya koma cikin kaset. Mun ga yadda mai riƙe da kaset yake iya share nasarar da aka yi a gaban dubban mutane, da yadda tsada da laima da mutuwar na'ura suke cinye abin da ba a ɓoye ba. Mun kuma ga, daga Atlanta zuwa Jos, cewa abin da aka yanke wa ƙauna yakan dawo idan an nema.

Tun ran 27 ga Oktoba, 1980, hukumar UNESCO ta yi kira ga ƙasashe su adana hotuna masu motsi a matsayin kayan tarihi. Muna da wuraren da suka dace da wannan aiki: Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da reshen Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos. Amma babu ɗayansu da zai iya bin gida-gida yana buɗe adaka. Wannan aikin namu ne, mu da muke komawa unguwanni da ƙauyuka kowane hutu.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce kowa ya tambayi tsofaffin 'yan kokawa da 'yan dambe na garinsu, da iyalan makaɗa, da tsofaffin masu ɗaukar bidiyon biki. Wanda ya sami kaset kada ya yi garajen sa shi a na'ura idan akwai fumfuna a jiki, domin zai ɓata kaset ɗin da na'urar duka. A ajiye shi a tsaye, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da ƙasa. A nemi izinin mai shi, a juya, a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam, a mayar masa da nasa. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne a zauna da wanda ya halarci wasan a kalla tare, a rubuta gari da shekara da sunaye da kalmomi. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kaset-kaset ɗin nan sun haura shekara 30, waɗanda ke cikinsu kuwa sun manyanta, saboda haka hutun da ke tafe ya kamata a fara.